Daga Mazanya zuwa Ɗan Isa: Tarihin Ƙofar da Ake Buɗewa Ana Rufewa

Mazanya da Magama mazaɓa ɗaya ce a Ƙaramar Hukumar Jibiya, kuma a nan ne titin da ya taso daga birnin Katsina yake barin Nijeriya ya shiga Ɗan Isa ta Jamhuriyar Nijar, ya miƙe zuwa Maraɗi. Daga Katsina zuwa bakin iyakar tafiyar kilomita arba'in da wani abu ce, daga nan zuwa Maraɗi ma kusan haka. Mutanen da ke gefe biyu na shingen Katsinawa ne, harshensu ɗaya, suna auren juna, suna zuwa jana'izar juna. Amma tarihin arzikin wannan yanki a shekara ɗari da ashirin da suka wuce tarihi ne na shawarwarin da aka yanke a nesa, a Landan da Faris da farko, sannan a Ikko da Abuja da Yamai, ba tare da an tambayi mai gona ko mai rumfa a kasuwar Jibiya ba.

Kafin a yi maganar iyaka sai an yi maganar rabuwar Katsina gida biyu. A ƙarni na 18 birnin Katsina na daga cikin manyan masaukan ayarin da ke keto Sahara ta Agadas, da unguwannin baƙi da fatake da marina da dukawa. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sauya wannan. A wajen 1807 Ummarun Dallaje da abokansa suka karɓi birnin, Sarkin Katsina Magajin Halidu ya rasu a Ɗankama, ragowar gidan sarauta suka yi arewa. A wajen 1819 Ɗankasawa ya kafa zama a Maraɗi, kuma shi da magadansa ba su taɓa ajiye sunan Sarkin Katsina ba. Gobirawa suka biyo baya, suka kafa Tsibiri kusa da su bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, ƙasar da ke tsakanin Katsinan nan biyu ta zama fagen hare-hare, musamman a zamanin Sarkin Maraɗi Ɗanbaskore. Ƙauyuka suka tashi, gonaki suka koma daji, fatake suka riƙa kauce wa hanyar. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Katsina a farkon 1851 ta hanyar Tasawa da Gazawa, ya tarar da ganuwa mai faɗin gaske amma mutanen cikinta a ƙiyasinsa ba su wuce dubu 8 ba, ciniki kuwa ya koma Kano. Wannan shi ne karo na farko da rufewar hanyar Katsina zuwa arewa ta talauta yankin, kuma a wancan karon ba Bature ne ya rufe ta ba.

Turawa sun fara rabon ne a takarda. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi. Suka sake zama a 1898, sannan a 1904 da 1906, domin Faransawa sun koka cewa layin ya bar musu rairayi, babu hanya mai rijiyoyi da za ta haɗa Kwara da Damagaram. Ingila ta sassauta, layin ya sauko kudu, Maraɗi da Tsibiri suka faɗa hannun Faransa. Tsakanin 1906 da 1908 Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi ƙasa suna kafa alamomi 148. Akwai masu cewa a wannan yankin layin ya bi tsohuwar rabuwar da ke tsakanin Daular Usmaniyya da waɗanda suka ƙi ta, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai rabuwar da ta sarakuna ce da mayaƙansu. Talakawa, da yaƙi ya lafa, komawa suka yi cikin dajin da ya raba su suka sare shi. Yawancin cikar da ƙasar Jibiya ta yi da mutane ta zo ne bayan an daina hari, kuma ba kaɗan ba daga cikin masu zuwan daga arewacin layin suka fito, suna gudun aikin tilas da ɗaukar soja na Faransa, wanda ba a soke aikin tilas ɗin ba sai 1946.

Gyaɗa ce ta fara mayar da layin abin cin abinci. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, shekara ɗaya bayan haka kasuwar gyaɗa ta buɗe. Dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929 ta Funtuwa da Gusau, ya kai Nguru a 1930, amma bai taɓa zuwa birnin Katsina ba, kuma wannan rashin ya bi arewacin lardin har yau. Ita Maraɗi ba ta da wata mafita zuwa teku da ta fi Kano kusa, don haka shekara da shekaru gyaɗarta a kan raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motoci, ta Jibiya da Katsina take bi zuwa tashar Kano. Faransa ba ta ji daɗin ganin arzikin ƙasar da take mulka yana bi ta hannun Ingilishi ba. Daga 1953 ta ƙirƙiro wani shiri da ta biya kuɗin tallafi domin a karkata kayan zuwa Farakwai da Kwatano, hanya mai nisa. A gefen Nijeriya kuma hukumar sayen gyaɗa da aka kafa a 1949, wadda ta koma hannun Jihar Arewa a 1954, tana sayen amfanin manomi ƙasa da farashin duniya tana tara rarar. Da kuɗin aka yi ayyuka da dama a Kaduna da Zariya da Kano, wannan ba a musu. Amma manomin Mazanya da ya ga ana biyan buhu fiye da haka a tafiyar rabin yini arewa da gonarsa, ya san inda zai kora jakinsa. A shekarar da farashin ya juya, gyaɗar Maraɗi ce take gangarowa kudu.

Darasin da 'yan kasuwar yankin suka koya ke nan tun kafin mulkin kai: riba tana cikin bambancin da ke tsakanin dokokin gwamnatoci biyu da kuɗaɗe biyu. A gefe guda sulai da fam, daga 1973 naira. A ɗaya gefen sefa, wadda aka ƙirƙiro a 1945 aka ɗaure ta da kuɗin Faransa. Sana'ar canji ta kafu a kan haka, ta fito ma haka.

Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya ƙara wa harkar ƙarfi. Hanyoyin kudu sun rikice, Shugaban Nijar Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya, 'yan kasuwar Maraɗi suka cike gibin da dabbobi da kayan masarufi. Bayan yaƙin aka yi abubuwa biyu masu kyau a takarda: hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar a 1971 mai mazauni a Yamai, da ƙungiyar ECOWAS a 1975. A daidai lokacin kuma farin 1973 da 1974, sai cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, suka kashe noman da ya riƙe yankin shekara sittin. Dalar gyaɗa ta ɓace a Kano, kuɗin fetur ya maye gurbinta, Nijar kuma ta samu na yuraniyom daga Arlit. Nijeriya ta shiga hana shigo da kaya domin kare masana'antunta, yadi da taba sigari da sauransu. Nijar ta ga dama: ta halatta a shigo da irin waɗannan kaya ta tashoshin Kwatano da Lome, a biya mata harajin wucewa, a tara su a rumbunan Maraɗi. Abin da ya faru da su bayan sun bar rumbu ba ruwanta. A Maraɗi halal ne, da sun ƙetara Ɗan Isa sun zama fasa-ƙwauri. A kan wannan ciniki ne Alhazan Maraɗi suka yi tashen da Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, kuma kowane babban Alhaji a can yana da abokin hulɗa a Katsina ko Kano, amana ce ke tsakaninsu ba takarda ba.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da wannan arziki, domin mu 'yan arewa mukan so mu rufe ido a kansa. Ya gina gidaje da masallatai, ya kai mutane Makka, ya ba dubban matasa aikin tuƙi da dako da lodi. Amma bai kafa masana'anta a Jibiya ba, kuma atamfar da ta riƙa shigowa ta wannan hanya tana cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙun Kaduna da Kano, waɗanda 'ya'yan Katsina da yawa ke ci daga gare su. Babban rabo yana tafiya ga masu jari a birane da ma'aikatan da ake sallama a shingaye. Yaron ƙauye da ke tuƙa Fijo cikin dare ba fitila shi ke ɗaukar kasadar harsashi da haɗari, ladarsa kuwa ba ta wuce ta 'yan kwanaki.

A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe dukkan iyakokin ƙasa, ta kuma canza launin takardun naira domin kashe kuɗin da ke waje. Rufewar ta zo daidai da wani mummunan fari. Nijar da ta saba cike gibin hatsinta daga kasuwannin Katsina da Kano ta wayi gari ƙofa a kulle, har mutanen can suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Ba a buɗe ba sai Maris na 1986, zamanin Janar Babangida. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa gefen Nijeriya ma ya ji jiki: mai gero ba shi da mai saye, mahauci ba shi da dabba, kuma hanyoyin daji da a da ƙalilan suka sani suka zama sanannu ga kowane yaro mai ƙafa. Da aka hana shigo da shinkafa a 1985 da alkama a 1987, kayan fito suka ƙaru da biyu.

An ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, kuma a 'yan shekarun da suka biyo baya ne aka yi aiki ɗaya tilo da za a ce an yi shi domin mutanen Jibiya su samar da wani abu da hannunsu maimakon su yi dakon na wasu. Madatsar ruwa ta Jibiya a kan kogin Gada, wanda idan ya shiga Nijar ake kira Gulbin Maraɗi, an gina ta ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 142, an kuma tsara ta shayar da kusan hekta 3,500. Da yake tare ruwan ya shafi manoman fadamar Madarumfa da Maraɗi, ƙasashen biyu sun sa hannu kan yarjejeniyar Maiduguri a Yulin 1990 game da raba ruwan kogunan da suka haɗa su. Tunanin mai kyau ne. Matsalar tana cikin zanen aikin: ƙaramin yanki ne kawai ruwa ke gangara masa da kansa, mafi yawan filin sai injin ya ɗaga ruwan zuwa magudanai. Injin yana son dizal ko lantarki, hukumar kuma a Sakkwato take, kasafinta daga Abuja. Duk shekarar da kuɗin mai bai zo ba, magudanan siminti sukan bushe, manomi ya tsaya yana kallon tafki cike da ruwa a bayan gonarsa. A ganina babu wata manufa da ta fi wannan cutar da yankin, domin ba rashin ruwa ba ne, ba rashin ƙasa ba, ba ƙin aiki ba. Rashin a zauna a tambayi wanda zai biya kuɗin tafiyar da injin bayan an yanke ƙyalle ne. Alkama da albasa da tumatir da ake samu a shekarun da ruwan ya zo sun isa shaida kan abin da ake asara a shekarun da bai zo ba.

Karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta juya ciniki na ɗan lokaci: shanu da tumaki da waken Nijar suka yi araha ga mai naira. Ta ɗaya hannun kuma fetur mai tallafi yana tsiyaya arewa a jarkoki, gidajen mai suka yi ta tsiro a bakin titin Katsina zuwa Jibiya fiye da abin da motocin yankin za su iya sha.

Yunwar 2005 ce ta sa masana suka waiwayi wannan hanya da idon basira. Maraɗi, wadda ake kira rumbun Nijar, tana cikin jihohin da suka fi yawan yara masu tamowa, kuma bincike ya nuna farashin gero a can yana bin na kasuwar Dawanau ta Kano ne sau da ƙafa. A 2006 wata tawagar haɗin gwiwa, ciki har da ƙungiyar CILSS mai yaƙi da fari a Sahel, ta bi hanyar Kano da Katsina da Maraɗi, daga nan aka fito da shirin da ake kira K2M: a ɗauki biranen uku a matsayin yankin kasuwa ɗaya, a riƙa musayar bayanan farashi, a rage shingaye, a sauƙaƙa biyan kuɗi ta banki. A karon farko hukuma ta yarda da abin da kowane ɗan kasuwar hatsi ya sani, cewa gero da masara da dawa suna tafiya arewa, dabbobi da wake da aya suna zuwa kudu, kuma wannan shi ne cinikin gaske, wanda ya girmi fasa-ƙwauri ya kuma fi shi ciyar da mutane. An yi taruka, an kafa kwamitoci. Shingayen da ke tsakanin Katsina da Magama ba su ragu ba. Haka ma hukumar raya al'ummomin kan iyaka da aka yi wa doka a 2003: ƙarfinta bai wuce rijiyoyin burtsatse da 'yan azuzuwa ba.

Sai shekarun da suka fi kowanne tsanani. A 2016 aka hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa, daga Janairun 2017 motoci. A Yulin 2018 ambaliya ta afka wa garin Jibiya cikin dare ta kashe mutum fiye da 40. Ranar 7 ga Yulin 2019, a birnin Yamai, Shugaba Buhari ya sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka. Ranar 20 ga Agusta, mako shida bayan haka, ya rufe iyakoki. A Nuwamba aka ƙara da hana kai fetur duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wato Magama da Mazanya da garin Jibiya kansa, mutanen da ke da injin ban ruwa da babur da asibiti kamar kowa. Hujjar gwamnati ita ce a kare manomin shinkafa na gida a kuma tare makamai. Noman shinkafa da injinan casa sun ƙaru a Kebbi da Kano da Jigawa, wannan gaskiya ne. Amma shinkafa 'yar waje ba ta daina shigowa ba, tsada kawai ta ƙara, makamai kuma ba ta ƙofar kwastan suke bi ba tun asali. An buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, aka bar Jibiya a rufe har Afrilun 2022.

A cikin wannan tsakanin ne 'yan bindiga suka mamaye dazuzzukan da suka haɗa Jibiya da Batsari da Zurmi ta Zamfara. Ba zan ce rufe iyaka ne ya haifi ta'addancin ba, domin tushensa ya riga shi, yana cikin rikicin makiyaya da manoma da satar shanu da rashin adalci. Amma wanda ya raba dubban matasa da abin yi a bakin daji irin wannan, ba tare da ya tanadar musu wani ba, ya san abin da ya ƙara wa wutar. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, a Satumba aka katse layukan waya. Mutanen ƙauyuka suka cika makarantu da kangaye a cikin gari, wasu suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi wajen dangi. Ƙofar da gwamnati ta rufe wa kaya ita ce ta ceci rayuka.

An buɗe iyakar Jibiya da wata goma sha biyar sai sojoji suka kifar da Shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya ta sake rufe iyaka ta kuma yanke lantarki, har da layin da ke tashi daga Katsina zuwa Gazawa yana ba Maraɗi da Damagaram wuta. Manyan motoci suka yi layi a Magama da Ɗan Isa, kayan gwari suka ruɓe a cikinsu. Sanatocin arewa da malamai da sarakuna sun fito sun ƙi maganar kai wa Nijar yaƙi, kuma sun yi daidai. Sai a Maris na 2024 aka buɗe. Kafin nan cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya riga ya karya cinikin jarka, faɗuwar naira kuma ta sa mai sefa ya riƙa kwashe hatsin kasuwannin Katsina da araha, har kwastan suka koma tare motocin abinci masu fita maimakon masu shigowa. Yamai ma ba ta tsira daga wannan hali ba: a Oktoban 2024 ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina sai Mali da Burkina Faso, kuma a ƙarshen Janairun 2025 ficewarta daga ECOWAS ta tabbata.

Babban alkawarin da ke gaban yankin yanzu shi ne dogon Kano zuwa Maraɗi. Majalisar zartarwa ta amince da shi a Satumbar 2020 kan kusan dala biliyan 1.96, aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal, aka aza harsashi a Fabrairun 2021. Tsawonsa kilomita 284, ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. 'Yan kudu da dama sun soke shi da cewa an ɗauki kuɗin Nijeriya an kai wa Nijar. Wannan sukar ba ta san taswira ba: mafi yawan layin a cikin Nijeriya yake, kuma yana biyan bashin da aka ci wa Katsina ne tun 1911. Damuwata dabam ce. An tsara layin ne da nufin jawo kayan Nijar daga Kwatano da Lome zuwa tashar Ikko, wato kwantena ta taso daga teku ta sauka Maraɗi. Idan iyakar abin ke nan, Jibiya za ta ga jirgi yana wucewa, direbobinta da 'yan dakonta kuma su rasa ɗan abin da ya rage musu. Abin da zai sa tashar ta amfani ɗan Mazanya sanannu ne, kuma babu mai tsadar kilomita goma na dogo a cikinsu: wurin lodin dabbobi da likitansu, rumbunan hatsi da na albasa kusa da tasha, ofishi ɗaya da ƙaramin ɗan kasuwa zai biya haraji sau ɗaya a ba shi rasit da za a girmama har Kano, da wutar da za ta tayar da injinan madatsar ruwa kowace rani, ko daga hasken rana ne. Biyu daga cikin waɗannan suna hannun gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma, ba sai an jira Abuja ko Yamai ba.